Ba Daga Mahaifarki Ba Ne

"Likita, don Allah ki sake faɗa... ban ji da kyau ba."

Auta ce ke maganar. Hannunta na dafe da mararta, wadda ba ta daina yi mata ciwo ba tun ɓarin da ta yi watan jiya.

Likitar dattijuwa ce mai farin gilashi. Ta ajiye biro ta dube ta da tausayi.

"Na ce lafiyarki ƙalau. Ba daga mahaifarki ba ne, 'yata."

Auta ta juya ta kalli mijinta. Dogo na zaune a kujerar gefenta, ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa, waɗanda fenti ya riga ya zauna a ƙarƙashin faratansu, ko da me aka wanke ba ya fita.

"To daga ina ne?" ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba.

"Daga gwajin maniyyinka muka gani." Likitar ta sake duban Auta. "Ke mece ce sana'arki?"

"Tela ce ni."

"Yawwa. To ki ɗauka a cikin kowace ƙwayar maniyyi akwai wani dogon zare da ke ɗauke da saƙon halittar da uba zai ba ɗansa. Na mijinki, mafi yawansa a tsintsinke yake. Sannan akwai ɓangaren da ke yanke ko namiji za a haifa ko mace, wanda shi ma daga wajen uba yake zuwa. A nasa, ƙwayoyi da yawa suna zuwa da shi a hargitse. Wata ta ɗauko biyu, wata ta zo babu ko ɗaya. Shi ya sa ciki yake shiga, sai ya kasa zama."

"Innalillahi..." Dogo ya furta can ƙasan maƙoshi.

"Aikin me kake yi?"

"Fentin mota."

"Kana sa takunkumi?"

Ya yi wani murmushi mai ciwo. "Tun ina yaro nake shaƙarsa, likita. Ko warinsa ma na daina ji."

"Ba zan rantse cewa shi ne sanadi ba, amma yana iya ƙara lalata abin. Zan rubuta maka magani, ka kuma nisanci feshin nan. Wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Ba zan yi muku alƙawarin abin da ba a hannuna yake ba. Ita kuma jikinta ya gaji, a bar ta ta huta."

Suka fito bakin titi. Sai da suka tsaya jiran mota a inuwar wani shago, sannan Dogo ya ce,

"Shekara da shekaru ana zaginki a gabana, Auta..."

"Ka bari, masoyina."

"Ana ce miki mai mahaifar kwando! Ina zaune ina ba ki haƙuri, ashe ni ne... ashe ni ne nake zubar miki da jini!"

Ta kamo hannunsa ta riƙe gam, ba ta damu da masu wucewa ba.

"Ka saurare ni. Babu wanda zai ji wannan maganar. Daga ni sai kai sai likita."

"Inna fa?"

"Har Inna. Ni na riga na saba da gorin, fatata ta yi kauri. Kai kuwa idan suka ji, ko gareji ba za ka iya shiga ba."

Ya dube ta, idanunsa jawur.

"Me na yi miki da na cancanci wannan, hasken idona?"

"Fenti ka yi wa kekena," ta ce, tana ƙoƙarin yin dariya, hawaye na zuba.

Gaskiya ta faɗa, a kan keken ɗinki suka haɗu. Shagonta yana kallon garejinsu, titi ne kawai a tsakani. Wata rana ta tsallaka da tsohon kekenta da ya yi tsatsa, ta ce a yi masa baƙin fenti. Ya dawo mata da shi shuɗi, har da 'yan furanni farare a gefe. Ta yi ta faɗa, shi kuwa yana tsaye yana dariya, ya ce baƙi bai dace da ita ba. Daga faɗan nan aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma abin da ya fi gaisuwa.

Baba, mahaifinta, bai so auren ba. Shi mai kemis ɗin bakin kasuwa ya so ta aura, mutum mai fara'a da fararen kaya, wanda ya daɗe yana zarya gidansu. Sai da Auta ta rame ta koma kamar sillen kara, sannan Baba ya haƙura ya ce, "Je ki, ke za ki zauna da shi."

Ta kuwa zauna da shi cikin daɗi, in ban da ɓarin da ya zame mata kamar haraji.

Kwana kaɗan da dawowarsu daga asibiti, Inna, mahaifiyar Dogo, ta iso da hantsi. Ta tarar da Auta a tsakar gida tana shanya.

"Sannu da zuwa, Inna."

"Yawwa. An je asibitin? Me suka ce?"

Auta ta matse rigar da ke hannunta.

"Sun ce... mahaifata ce ba ta da ƙarfi."

"Ai ni na faɗa! Sai da aka kai wa likita kuɗi kafin a yarda da maganata? Ɗa ɗaya tilo Allah ya ba ni, ina so in ga namiji daga jikinsa kafin ƙasa ta rufe min ido. Ke kuwa kin tare ƙofa, ba ki shiga ba, ba ki ba wata hanya ba!"

Dogo ya fito daga ɗaki a fusace.

"Inna, wallahi ba laifin..."

"Ruwan wankanka zai huce," Auta ta katse shi, tana yi masa wani kallo na roƙo.

Ya tsaya, leɓɓansa na motsi. Sannan ya juya ya koma ciki.

"Kin gani ko?" Inna ta ce. "Kin shanye shi, ko magana ba ya iya ƙarasawa."

Tun daga ranar Dogo ya canza. Ya bar riƙe injin feshi, ya koma goge jikin mota da buga kwaskwarima, abin da yake samu ya ragu. Abinci sai ya tsakura ya ture. Idan Auta ta yi masa wasa, sai ya yi murmushin da bai kai ido ba. Wani lokaci takan ɗago daga ɗinki ta hango shi a tsallaken titi, zaune a kan tsohuwar taya, yana kallon ƙasa.

Kuskurensa ɗaya, a kemis ɗin bakin kasuwa ya sayi maganin, don nan ne kawai ake samunsa a kusa. Mai kemis ya karɓi kuɗi da fara'a, har da yi masa ragi. Ya san ko maganin mene ne, kuma yana da sanayya da wata ma'aikaciya a asibitin. Bai sha wahala ba ya haɗa sauran labarin.

Bai je wajen Auta ba. Ya san ta. Wajen Yaya ya je, babbar yayar Auta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu.

Da la'asar Yaya ta faɗo shagon kamar an jefo ta. Ta kori mai kawo ɗinkin da ta tarar, ta ja labule.

"Ashe haka kika raina mu, Auta?"

"Me ya faru, Yaya?"

"Mijinki ne ba shi da lafiya, kika rufe mu! Ni na ba ki jinina a gadon asibiti, ni! Ina kuka ina cewa ƙanwata za ta mutu, ashe mugun ya san komai tun kafin ya aure ki!"

Almakashin da ke hannun Auta ya faɗi ƙasa.

"Wa ya faɗa miki wannan ƙaryar? Wallahi tare muka ji, a ɗaki ɗaya!"

"Wanda ya san harkar magani ne ya faɗa. Ya ce irin wannan ciwon mai shi yana sani tun yana saurayi."

"Mai kemis ko? Yaya, mai kemis?"

"Ko ma wane ne! Baba ya ji, ya ce ku zo gobe, ke da shi."

Ɗakin Baba ƙarami ne, kujeru biyu da darduma da tsohuwar rediyo a kan taga. Dogo ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Auta na gefen Yaya.

Baba bai amsa gaisuwar ba.

"Gaskiya ne abin da na ji? Daga jikinka ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Kuma ka sani tun kafin in ba ka 'yata?"

Auta ta zuba masa ido. Ka ce a'a, masoyina. Ka ce a'a kawai...

Dogo ya yi shiru.

"Baba, bai sani ba!" ta yi ihu. "Ka yi magana mana! Ka faɗa musu!"

Ko kallonta bai yi ba.

"Shirunka ya ishe ni amsa," in ji Baba. "Uwarta ta tafi ta bar min ita amana. Ba zan zuba ido in binne ta a kan ciwon wani ba. Ka sawwaƙe mata."

"Baba, don girman Allah..."

Dogo ya ɗago. Fuskarsa ta jiƙe sharkaf, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Na sake ta, saki ɗaya. Allah ya ba ta wanda ya fi ni."

Auta ba ta san lokacin da ta zube a jikin Yaya ba. Abin da ta iya tunawa kawai shi ne ƙarar takalminsa a soro, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da buhun siminti.

Zaman gidan Baba ya zame mata kamar zaman makoki. Ta rufe shago, don ba za ta iya buɗe ƙofa ta hangi garejin ba. Takan wuni a ɗaki kwance, fuska ga bango. Yaya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji.

"Namiji ne fa, Auta, ba numfashi ba. Za ki rayu."

"Na sani, Yaya. Shi ne abin da ya fi min ciwo."

Mai kemis bai ma jira idda ta cika ba. Ya fara aiko da magungunan ƙarin jini da kayan marmari, wai na dubiya. Ran nan ya zo da kansa, yana ƙamshin turare. Auta ta fito soro ta tsaya daga nesa.

"Sannu, Auta. Kin ga yadda kika rame? Wallahi tausayinki ne ya hana ni yin shiru."

"Tausayina ne ya sa ka ce ya sani tun yana saurayi?"

Ya gyara tsayuwa. "To... ai galibi haka abin yake."

"Ka gani da idonka?"

"Ni dai alheri nake nufi. Ke macen da ta cancanci 'ya'ya ce, ni kuwa ga lafiya, ga..."

"Mutum ya zo shagonka da ciwonsa, ya miƙa maka kuɗinsa da sirrinsa. Ka karɓi kuɗin, ka sayar da sirrin, har da ƙarin ƙarya a kai kamar gyara. Wallahi da in haifi ɗa mai halinka, gara in mutu ban ji kukan jariri a ɗakina ba!"

Ta ɗauko ledar kayansa ta ajiye masa a bakin ƙofa.

Da ta juyo, sai ta ga Baba tsaye a bayan labulen soro, da buta a hannu. Ya ji komai. Ya juya ya wuce. Amma daga ranar bai ƙara ambaton mai kemis ba.

Baƙuwar da ba ta zata ba ita ce Inna. Ta zo wata safiya, ta tsufa a 'yan makonnin nan kamar an ɗora mata shekaru. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin gado.

"Ya faɗa min," ta ce. "Ranar da ya sake ki ya zo ya durƙusa ya faɗa min komai."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Na zage ki a tsakar gidanki, kina riƙe da rigarsa, kin san gaskiya kika haɗiye... Wace irin yarinya ce ke?"

"Ɗanki ne, Inna. Ban so ki kalle shi da wani ido ba."

Tsohuwar ta ja gefen mayafi ta toshe baki. Sannan ta ce,

"Ya koma feshin. Ba takunkumi, ba komai, tun safe har yamma. Maganin ma ya zubar. Na yi magana, ya ce wa zai adana wa jikin? Ni ba roƙonki na zo yi ba, ba ni da bakin roƙo. Na zo ne dai ki sani."

Auta ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

A tsakar gida ta tarar da Baba. Ta durƙusa.

"Baba, zan je wajensa."

Baba ya dube ta.

"Idan kika koma, kika sake kwanciya a gadon asibiti, zuciyata ba za ta ɗauka ba, Auta."

"Na sani, Baba. Amma a nan ma mutuwa nake yi, a hankali ne kawai ba a gani."

Ya kawar da kai. "Ban ce ki je ba. Ban kuma hana ki ba."

Garejin cike yake da ƙarar guduma da warin fenti. Can ciki ta hango shi, a cikin farin hayaƙin feshi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta wuce kai tsaye ta zare wayar injin daga bango.

Ya juyo a fusace. Da ya ga ita ce, sai bututun ya suɓuce daga hannunsa.

"Auta... me kike yi a nan? Fita, warin nan zai cutar da ke."

"Kai ba ya cutar da kai?"

"Ni ai na riga na lalace."

"Me ya sa ka yi shiru a gaban Baba? Me ya sa ka bari ƙarya ta hau kanka?"

Ya jingina da motar. "Don in na ce ban sani ba, za ki zauna. Ina so ki tsane ni, ki tafi, ki haifi 'ya'yanki. Na ga yadda kike kallon kayan jarirai idan an kawo miki ɗinki. Kina tsammani ban gani ba?"

"To wa ya tambaye ni?"

"Auta..."

"Wa ya tambaye ni, na ce! Inna ta yanke min hukunci, Yaya ta yanke, Baba ya yanke, har mai kemis ya yanke. Kai da nake ganin ka fi kowa sanina, kai ma ka yanke! Jikina ne ya zubar da jinin nan, zuciyata ce ta binne 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce, Auta, me kike so?"

Ma'aikatan garejin sun daina buge-buge. Shi kuwa ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannuwa.

"Me kike so?" ya ce, da kyar.

Ta durƙusa a gabansa, ba ta damu da baƙin man da ke ɓata mata zani ba.

"Ina son ɗa. Ba zan yi maka ƙarya ba, ina so har cikin ƙashina. Amma na gwada zama babu ɗa, na iya. Na gwada zama babu kai, ban iya ba."

Kafaɗunsa suka shiga girgiza.

"Ka mayar da ni, rabin raina. Idda ba ta cika ba."

"Na mayar da ke," ya ce cikin kuka. "Na mayar da ke, na mayar da ke..."

Ya bar garejin gaba ɗaya. Ya koma tuƙa motar wani kamfanin kayan gini, ya ci gaba da shan magani. Bayan shekara guda gwaji ya nuna ɗan sauƙi, likita ta ce za su iya gwadawa, amma kada su ɗora rai da yawa.

Cikin ya shiga. Wannan karon har ya yi motsi. Auta takan kamo hannunsa ta ɗora a kai, su yi shiru suna jira, idan ya motsa su kalli juna kamar yara. Inna ta tare a gidan, ko tsintsiya ba ta bari ta ɗauka.

Wata ranar Laraba da rana, motsin ya tsaya.

Namiji ne, in ji likita.

Da Auta ta farfaɗo a gadon asibiti, Dogo na riƙe da hannunta na dama. Inna na bakin gado tana goge mata goshi. A bakin ƙofa kuma Baba ne tsaye, wanda tun komawarta bai taka gidanta ba.

Ba wanda ya yi gori. Ba wanda ya nemi mai laifi.

Baba ya tako a hankali ya dafa kafaɗar Dogo.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Namu ne gaba ɗaya."

Sai da ɗakin ya rage su biyu, Dogo ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Ya isa haka, Auta. Ba zan ƙara sa ki a wannan gadon ba. Amma wannan karon tambayarki nake yi... ya isa?"

Ta kalli silin. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shige cikin gashinta.

"Ya isa," ta ce. "Ka kai ni gida, masoyina."